Jam'iyyar da Ƙirjin Gwadabe Ya Ƙi

A watannin da soja ke shirin miƙa mulki, babu mai fentin da aiki ya yi wa yawa a Ƙofar Ƙaura kamar Gwadabe. Shekararsa arba'in da uku, sigari ba ta barin bakinsa. 'Yan takarar kansila biyu ne suka ɗauke shi aiki: Malam Audu mai alamar fitila, da Alhaji Tanko mai alamar tulu.

Fitila a bangon titi yake zana ta, lafiya lau. Amma duk ranar da ya zana tulu, kafin la'asar ƙirjinsa ya fara kuka kamar kyanwa, numfashi ya sarƙe, sai an yi masa fifita.

Mutanen Malam Audu suka samu abin faɗi. Suka riƙa yawo da lasifika suna cewa, "Jama'a, tulun da ya hana mai zana shi numfashi, mi zai yi maku in ya hau kujera?" Har daga Ƙofar 'Yanɗaka ake zuwa kallon Gwadabe. Ran Alhaji Tanko ya ɓaci, ya aiko masa da rubutu cikin galan. Gwadabe ya shanye, ya zana tulu, ya faɗi.

Matarsa Mairo ta ɗora shi a kan acaɓa sai asibiti. Sista Patience, 'yar Kafanchan da ke haya a layinsu, ita ta karɓe shi. Da aka ba shi magani numfashi ya dawo, likita ya ce asma ce, ya bar su da Sista.

"Malam Gwadabe, ina kake zana tulun nan?"

"Garejin Alhaji. Rufe ni yake, kar 'yan adawa su gani."

"Da wane fenti?"

"Na mota, na feshi. Ya ce ya fi ƙyalli."

"Sigari fa?"

"Kara ɗaya."

"Kwali ɗaya," in ji Mairo.

Sista ta ce, "A dangi akwai mai irin wannan?"

Gwadabe ya ce, "Inna, Allah Ya jiƙanta. Amma ita ba ta da jam'iyya."

Sista ta yi dariya har ta dafa tebur. Ta ba shi abin shaƙa biyu, ɗaya safe da yamma ko da yana jin garau, ɗaya sai ƙirji ya kama. Ya karɓa ya fesa a wuyan riga kamar turare. Sai da ta nuna masa sau uku yadda zai sa a baki, ya ja, ya riƙe numfashi. Ta ce fenti a fili kawai, da abin rufe hanci, sigari kuma ta ƙare.

Bayan mako biyu ya zana tulu shida a bakin titi, bai yi tari ba. Malam Audu ya daina gaishe shi, wai an saye shi. Alhaji Tanko kuwa ya sa aka yi shela cewa tulu ya warkar da mai asma tun kafin zaɓe.

Sigari ce ta fi ba shi wahala. Wata huɗu suka yi suna wasan ɓuya da Mairo, tana tsinto karan sigari a gwangwanin fenti, kafin ya haƙura ya koma cin goro.