Yadda Ake Ɗaga Dogo

"Sauke shi," in ji Tela. "A hankali. Ba buhun gawayi ba ne."

Maƙeri ya mayar da Dogo kan katifa yana haki. Ta hammata ya kamo shi, daga nesa, hannuwa a miƙe kamar mai sauke tukunya daga kan wuta, sai ƙeyar Dogo ta bugi allon gado. Dogo ya cije leɓe. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya faɗo daga saman bene wurin aikin fenti, daga ƙirji zuwa ƙasa babu abin da ke motsi. A duk shekarun nan ba mai ɗaga shi sai ubansa, Tela.

Yau uban yana zaune a kujerar keken ɗinki, ya jingina da bango, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Likita ya ce zuciya ce, kuma bai ɓoye masa komai ba.

"Ƙarfi ne ya yi maka yawa, maƙwabci," in ji Tela.

"Shekara arba'in ina ciccibar uwar maƙera ni kaɗai. Yau ne za a koya mini ɗaukar kaya?"

"Uwar maƙera ba ta jin zafi."

Duk layin an san Maƙeri da ra'ayi guda, kuma ba ya gajiya da faɗarsa. A bencin da ke bakin maƙerarsa, inda dattawa ke taruwa, kullum zancensa shi ne maza sun ƙare. Mazan yanzu, in ji shi, ko ruwan wanka sai an sirka musu. Babban misalinsa kuwa ɗan cikinsa ne, wanda ke aiki a kantin magani, mutum da gemunsa amma yana goya 'yarsa yana wanke kwanuka, matarsa na zaune tana shan iska. Tela kam ba a magana. Tun da matarsa ta rasu, shekara biyu bayan faɗuwar Dogo, ya ƙi ƙara aure, shi ne girki, shi ne wanki, shi ne zubar da fo. Maƙeri ne da bakinsa ya laƙaba masa suna Inna, sunan kuwa ya bi shi. In ya fito shanya zannuwan gado aka yi masa kirarin daga benci, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Inna ta gaishe ku, 'ya'yana," ya ci gaba da matse wankinsa. Ba a taɓa ganin ya yi fushi ba, wannan ma yana cikin abin da ke ba Maƙeri haushi.

To ga shi yau Inna ta aika a kira shi, ya kuma zo.

Maganar ba ta da tsawo. Mutum irin Dogo, sai an juya shi duk bayan awa biyu, a ɗaga shi zuwa kujera da rana, in ba haka ba fata ta ci kanta. Gwaggon Dogo, yayar Tela, ta ce in ta Allah ta kasance za ta tafi da shi garinsu. Ba muguwa ba ce, tsohuwa ce mai ciwon baya. Sau ɗaya ta riƙe shi, mako uku, lokacin da aka yi wa Tela aiki a asibiti, Dogo ya dawo da gyambo a kwankwaso wanda ya ci wata biyar kafin ya rufe. Dogo kuma ba ya son barin ɗakin nan mai taga kan titi, inda yake ɗinka maɓallai yana gaisawa da masu wucewa. Ɗan Maƙeri ya riga ya koyi ɗaga shi, rana ɗaya ta ishe shi, ya ɗauki safe da dare. Matarsa ta ɗauki abinci. Saura tsakar rana, lokacin da kowa ke wurin nema, babu namiji a layin sai mai maƙerar da ke kallon ƙofar gidan.

"Ka fara gaya masa," in ji Tela. "Ka ce, Dogo, zan ɗaga ka. Kada ka taɓa shi bai sani ba. Ka sauko da ƙafafunsa, gwiwarka ta tokare gwiwarsa. Sannan ka rungume shi."

"In yi me?"

"Ƙirji da ƙirji. Ya saƙalo wuyanka, kuncinka a jikin nasa. In ka bar fili tsakaninku, bayanka zai tafi, shi kuma ya faɗi."

Maƙeri ya dubi Dogo, ƙato ɗan shekara talatin da huɗu mai gashin baki. "Ni ko 'ya'yana ban taɓa runguma ba."

"Mun sani, Baba," in ji Dogo. "Ɗanka ya gaya mana."

Tela ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa, sai ya dafa keken ɗinki ya miƙe. Maƙeri ya ce masa ya zauna, bai ko kalle shi ba. Ya shafa tafin hannunsa a kan zanin gadon, ya miƙar da wata 'yar tattara da ido bai isa ya gani ba. "Wannan kaɗai ta isa ta huda fata," ya ce. Ya murza hannuwansa don su yi ɗumi. "Dogo, zan ɗaga ka."

"To, Baba."

Maƙeri ya sha ganin masu ƙarfi, shi ma ba baya ba ne, amma bai taɓa ganin irin wannan ba. Mutumin da iska mai ƙarfi za ta iya kayarwa ya sunkuya, ya haɗa ƙirji da ɗansa, ya yi baya kaɗan, ya juya a kan diddige, sai ga Dogo zaune daram a kujera, ko ƙara kujerar ba ta yi ba. Tela ya gyara masa wuyan riga, ya sa masa matashi a baya, sannan ya zame ya zauna a bakin gado, bakinsa a buɗe yana neman numfashi. Ya daɗe a haka.

Kunya ta kama Maƙeri, irin wadda bai ji ba tun yana yaro. Ya ɗebo ruwa a kofi ya miƙa masa.

"Sunan nan da na sa maka," ya ce, yana kallon ƙasa. "Ka yafe ni."

"Ai ba ƙarya ka yi ba. Ni ne uban, ni ce uwar." Tela ya kurɓi ruwan. "Na uwar ya fi wuya, in kana son sani. Gobe ka dawo."

Ya dawo gobe, ya dawo jibi. Juyawa ya iya, shimfiɗa ma ya iya, amma in aka zo rungumar sai wuyansa ya sanƙare, ya kau da fuska, ya bar filin nan da aka hana shi bari, Tela ya ce a sauke. Rana ta huɗu ba a yi darasi ba. Da safe ɗan Maƙeri ya shiga ya tarar da Tela a zaune a ƙasa, ya kifa kansa a gefen katifa, abin yanke farce a hannunsa. Ya gama ƙafar Dogo ta dama, bai kai ga ta hagu ba. Dogo ya ce tun ɗazu yake kiransa, ya ɗauka gyangyaɗi ne.

An kai Tela makwancinsa kafin rana ta take. Mutanen benci duk sun je, kuma ba wanda bakinsa ya iya furta sunan nan. Dogo bai yi kuka ba. Ya karɓi gaisuwa daga kan gado, yana amsa wa kowa da murya ɗaya, har mata suka fara cewa taurin zuciyar nan ba lafiya ba ce.

Kwana uku ɗan Maƙeri bai je aiki ba, a na huɗu dole ya koma. Da hantsi Gwaggo ta fara ɗaure kaya, ta ce ta yi magana da mai mota.

Maƙeri yana kallo daga maƙera. Ya ajiye guduma, ya yayyafa wa wuta ruwa. Ya wanke hannu da sabulu har sau biyu, ya aika wa surukarsa ta ba shi man shafawa, don tafinsa ya yi kaushin da zai iya kuje fata. Ta miƙo masa.

"Malam, ka bar wahalar da kanka," in ji Gwaggo da ta gan shi a bakin ƙofa. "Aikin nan ba na maza ba ne."

"Namiji ne ya koya mini, Yaya."

Ya shiga. Ya miƙar da zanin gado, ya murza hannuwansa.

"Dogo, zan ɗaga ka."

Dogo ya daɗe yana kallonsa. "To, Baba."

Ya sauko da ƙafafun, ya tokare gwiwa da gwiwa, ya sunkuya har ƙasa. Hannuwan Dogo suka saƙalo wuyansa. Ya matso, ya ƙara matsowa, har ya ji gashin bakin yaron a kuncinsa, ya yi baya, nauyin ya taso cikin sauƙin da ya ba shi mamaki. Yana cikin juyawa zuwa kujera sai ya ji ƙirjin da ke manne da nasa ya fara rawa. Dogo ya tura fuska a wuyansa, kukan kwana huɗu ya ɓalle.

Kujerar taku ɗaya ce daga nan, amma Maƙeri bai ƙarasa ba. Ya gyara tsayuwa ya ƙara riƙe shi. Gwaggo na tsaye a bakin ƙofa da ƙullin kaya a hannu. A waje wani yana ta sallama a maƙera, ya zo karɓar fartanyarsa. Maƙeri yana jinsa, wuyan rigarsa ya jiƙe sharkaf, yana ɗan bubbuga bayan Dogo da tafin hannu.