Ƙuri'a Biyu Daga Tebur Ɗaya

Mai-agogo ya ci amana. Amanar wasa ce, amma duk wanda ya ce wasa ba shi da amana bai san mutane ba.

Shagonsa ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin matakalar wani bene. Tebur ɗaya, kujera ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, sai agogunan bango goma sha ɗaya da masu su suka kawo gyara ba su waiwayo ba. Tun da waya ta fara faɗa wa mutane lokaci, sai ya wuni bai canja ko batir biyu ba. Matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce. 'Yarsa tilo tana aure nesa, takan kira ran Lahadi, minti uku, yara na kuka a bayanta.

Surukinsa ne ya jefa shi cikin wani zauren hira na waya inda ake wasan Kura a Garke. Dokar ba wuya. Alƙalin wasa zai aika wa mutum ɗaya a ɓoye cewa shi ne kura, sauran duk awaki. Kowace safiya kura ta cinye ɗaya. Ƙarfe huɗu na yamma a buɗe muhawara, ƙarfe biyar a jefa ƙuri'a a kori wanda ake zargi. Wanda aka cinye ko aka kora, bakinsa ya mutu har zagayen ya ƙare, kwana huɗu ko biyar. Sai dai ya karanta.

Wannan shirun ne Mai-agogo ya kasa ɗauka. A duk duniya zauren nan ne kaɗai ake ce masa ina kwana. Ga shi kuma shi ake fara kora.

"Baba Mai-agogo ya cika lissafi," in ji Direba, mai barkwancin zauren. "Akuyar kirki ba ta lissafi. Ku kore shi mu huta!"

Sau uku a jere aka yi masa haka, kuma duk ukun akuya ne. Yakan zauna ya ga ana ta raha a kan allon wayarsa, amsa na cin sa a baki, agoguna goma sha ɗaya na ƙas-ƙas a kansa.

Sai ya sayi sabon layi ya sa a wata tsohuwar waya mai karyayyen maɓallin gefe. Ya raɗa mata suna Mai-kitso, ya ce wa Alƙali ƙanwar maƙwabcinsa ce, tana da kunya, ba ta son aika murya. Daga ranar yana da ƙuri'a biyu, kuma ba a sake korarsa da wuri ba. In ma an kore shi, da sauran baki a hannunsa na hagu. Abin har ya wuce wasa. Da safe, kafin ya share shago, yakan ɗauki tsohuwar wayar ya rubuta, "Baba Mai-agogo, an tashi lafiya?" Sa'annan ya ɗauki tasa ya amsa, "Lafiya lau, 'yata, ya aiki?"

A zauren akwai wani dattijo da kowa ke kira Kawu. Shi ne ya fi kowa jinkirin rubutu. Wata rana da hira ta yi daɗi tsakaninsu su biyu, Kawu ya faɗa wa Mai-agogo dalili: ɓarin jikinsa na dama ya shanye, da yatsa ɗaya na hagu yake rubutu, yana kwance a ɗakin da taga ɗaya ce. Ya roƙe shi kada ya faɗa, don ba ya son a riƙa tausaya masa a wasa.

A zagaye na bakwai saƙon Alƙali ya faɗo cikin tsohuwar waya: Mai-kitso ce kura. Da safe Mai-agogo ya sa ta cinye mutum ɗaya, saura tara. Ƙarfe huɗu na bugawa Malama, mai koyar da lissafi, ta buɗe wuta.

"Ni Mai-kitso nake zargi. Ba ta taɓa fara nuna kowa ba, sai an nuna ta bi."

"Haba Malama, yarinya mai kunya?" in ji Direba. "Ke dai kin ga an fi ki farin jini."

"Kunyar kura ke nan. Ta yi magana mana."

Mutum uku suka goyi bayan Malama. Mai-agogo ya yi lissafi. In aka kori Mai-kitso yau, gobe ido zai dawo kansa, shi da ya kawo ta. Ya duba saman allo, ya ga an rubuta Kawu na rubutu. Rubutun ya ɓace. Ya sake bayyana. Sai Mai-agogo ya rubuta:

"Jama'a, ku dubi sama. Minti shida Kawu yana rubutawa yana gogewa. Mai gaskiya ba ya saƙa da warwara. Kawu, me kake gyarawa?"

"Kai! Mai-agogo ya auna shi da minti," in ji Direba. "Kawu, fito da haƙoran mu gani!"

Kawu na ta fama da yatsansa, zargi na ta sauka. Kafin ya gama jimla ɗaya, an yi ashirin a kansa. Ƙarfe biyar aka ƙirga: huɗu a kan Mai-kitso, biyar a kan Kawu. Biyu daga cikin biyar ɗin daga tebur ɗaya suka fito.

Alƙali ya sanar cewa Kawu akuya ne, ya ba shi damar kalmar ban kwana. A karo na farko Kawu ya aiko da murya, harshensa na karyewa.

"'Ya'yana, hannu ɗaya gare ni. Akwai wanda ya sani a cikinku. Allah ya ba ku sa'a."

A ƙasan saƙon aka rubuta: Kawu ya fita.

Mai-agogo ya aika masa a gefe, "Yaya, wasa ne fa." An karanta, ba a amsa ba. Ya ɗauki wani agogon hannu ya kwance bayansa, ya daɗe yana kallon cikinsa, ya mayar bai taɓa komai ba. Da a nan ya fito ya faɗi gaskiya, da wataƙila an yi masa faɗa an bar shi. Bai faɗa ba. Da gari ya waye ma sai da Mai-kitso ta gaishe shi.

Ƙarfe huɗu Malama ta ce yau ba rubutu. "Na koma baya na duba duk zagayen da Mai-kitso ta shiga. Duk inda Baba ya jefa ƙuri'a, ta Mai-kitso na biyo ta kafin minti biyu. Kuma ban taɓa ganin suna rubutu lokaci ɗaya ba. Zan kira kowa, mu ji muryar juna."

Kafin ya yi wani tunani wayoyi biyu suka ɗauki ƙara a kan teburin. Ya ɗaga tasa ya yi sallama. Tsohuwar ta ci gaba da ruri kusa da fitila. Ya danna maɓallin gefe, maɓallin da ya san ya karye. Ya kifa ta, ya ɗora mata tsumma. A banza.

"Kowa ya ɗaga sai mutum ɗaya," in ji Malama. "Ku saurara."

Kiran ya yanke, ƙarar ta tsaya. Malama ta sake kiran Mai-kitso ita kaɗai. Ƙarar ta dawo, tana fita ta wayar Mai-agogo zuwa kunnen kowa.

Ba wanda ya yi dariya, har Direba. Shi ne dai ya yi magana, a hankali.

"Baba, miƙa wa Mai-kitso mana. Ana kiranta."

Mai-agogo ya buɗe baki. Yana so ya ce musu kwana biyar na shiru yana da tsawo a shagon nan. Gaskiya ne, yana da tsawo. Amma ɗakin Kawu taga ɗaya gare shi, kuma Kawu bai sayi layi na biyu ba.

Ba su zage shi ba, ba su kore shi ba. Ɗaya bayan ɗaya suka fita, suka buɗe wani zauren, suka lallaso Kawu ya dawo. Alƙali ne na ƙarshe, da ya fita shugabancin zauren ya faɗo kan Mai-agogo. Yanzu mutum biyu ne a ciki: shi da Mai-kitso.