Hoton Zanzaro

Maigidana ya ƙare ƙuruciyarsa yana ba mutane umarni. "Ɗaga haɓa. Sauke kafaɗa. Kar ka motsa." Mai hoto ne na situdiyo, irin masu labule mai zanen teku da kujera mai hannu. Ko alƙali ne ya shiga shagon nan, sai ya zauna yadda aka ce masa. An san shi da tsayayyen hannu, har yakan yi wa abokan sana'a dariya idan ya ga sun ɗora kyamara a kan ƙafa-uku. Ni kuwa aikin jinya na yi har na ajiye, shi ya sa yake ce mini Sista, shi ya sa kuma na riga shi gane abin da ke faruwa da hannunsa na dama. Kofin shayi ne ya fara tona masa asiri, da ya riƙa kaɗawa a kan faranti.

Likita ya ce rawar ba za ta tafi ba, sai dai a rage mata gudu. Maigida bai yi shawara da kowa ba, ya rufe shago, ya tura kyamarorinsa ƙarƙashin gado, ya samu kujera a baranda ya dasa kansa. Mutumin da ke cika gida da surutu ya koma sai ka yi ta magana kafin ya ce maka uhm. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira 'yarmu ta yi nata a waya, duk a banza. Gaskiya na ji tsoro, don na ga irin wannan zaman a asibiti, na kuma san inda yake kai mutum.

Wata safiya na ɗauko tsintsiya zan kakkaɓe wani ɗan curin laka da ya fito a kusurwar tagar baranda, sai na ji ya daka mini tsawa.

"Sista! Ajiye tsintsiyar nan!"

Rabon da in ji muryarsa haka har na manta. Ashe duk zaman da yake yi, kallon zanzaro yake. Ya ce macen ce ke ginin, ita kaɗai. Takan tafi wajen famfon bayan gida inda ruwa ke ɗiga, ta dawo da ƙwallon laka a baki, ta shafa, ta koma. Idan ta gama ɗaki ɗaya sai ta zuba wa ɗanta abinci a ciki, ta toshe, ta fara wani a gefensa. Idan ta toshe na ƙarshe kuma ta tafi ke nan, ba za ta sake waiwayowa ba.

"Ina so in ɗauke ta da lakar a bakinta," in ji shi. "Hoto ɗaya tak, wanda ya fito tar. In na kasa, ki kira yaran da na koya wa sana'a su raba kyamarorin, in san na gama."

Gilasan kyamarar da yake da su duk na ɗaukar fuskar mutane ne, ba sa ganin ƙwaro sai kamar ɗigon tawada. Don haka muka nufi wajen amininsa mai gyaran kyamara, wanda ke sayar da kayan hoto a wani ƙuntataccen shago a saman bene. Tun suna samari suke tare, kuma ban taɓa jin sun yarda da juna a kan komai ba.

"A'a, yau matattu sun tashi!" in ji mai gyara. "Sista, da me kika jawo shi, da igiya?"

"Da ƙwaro," na ce.

Ya saurari bayani, ya buɗe kabad ɗin gilashi, ya fito da gilasan kyamara biyu ya jera a kan wani tsumma mai laushi. Ya ɗaga gajeren.

"Wannan ba nauyi, amma sai ka kai hancinka bakin ƙwaron kafin ya cika maka hoto. Inuwarka za ta rufe shi, numfashinka ma kaɗai ya ishe shi gudu." Ya ɗaga dogon. "Wannan kuwa daga baya za ka tsaya, ƙwaro bai san kana yi ba. Sai dai akwai nauyi, kuma duk abin da hannu ya yi sai ya ninka shi. Saboda haka da ƙafa-uku yake tafiya, da wannan wayar mai madanni, ka danna ba tare da ka taɓa kyamarar ba. Fitilar kyamarar kuma ka sa mata wannan farar hular, hasken ya yi laushi, in ba haka ba jikin ƙwaron zai yi ta ƙyalli kamar an shafa masa mai. Ka saita a bakin ginin, ka zauna ka jira ta. Ita za ta kawo maka kanta."

Duk bayanin nan bai kalli hannun amininsa ba ko sau ɗaya, na kuwa ji daɗin hakan. Amma maigida ya gane, fuskarsa ta canja.

"Ƙafa-uku sandar tsoho ce," ya ce. "Ba ni gajeren. Ka haɗo mini da zobban nan da ake sa wa a bayan gilashi don ya ƙara kusanto da abu, da fitilar nan mai zagaye."

"Da zobban nan, wurin da hoto zai fito tar bai fi kaurin gashi ba. Ka samu ido, ka rasa fiffike."

"Kai dai gyara ka iya. Yaushe rabonka da ɗaukar hoto?"

Mai gyara ya ɗaga kafaɗa yana naɗe kayan. Yana naɗewa yana mita, wai shi ya sa wasu marasa haƙuri suke kama ƙwaro su sa a firij na ɗan lokaci kaɗan don ya yi sanyi ya daina motsi, shi kuwa ba ya son wannan ɗabi'ar. Ni ban ɗauki maganar da muhimmanci ba. Ashe akwai wanda ya adana ta.

Kwanakin da suka biyo baya na sha kallo, kallon da ba daɗi. Zai hau kan ɗan benci, ya manna kyamara a ido, ya matsa, ya ƙara matsawa har bakin gilashin ya kusa taɓa lakar. Zanzaro na isowa sai ta tarar da wani ƙaton baƙin abu a ƙofar gidanta yana kaɗawa. Ta yi shawagi, ta yi gunaguni, ta koma da lakarta. Ranar da ta daure ta sauka, hotunan suka fito kamar an ɗauke su daga cikin mota mai gudu. Yakan duba bayan kyamarar, ya goge, ya duba, ya goge. Ginin kuwa bai jira shi ba. Duk sanda ya shiga ciki ya huta, ita tana aikinta, har ta fara ɗakin da ya ce daga gani shi ne na ƙarshe, don kusurwar ta cika.

Ranar nan na je duba wata maƙwabciya da ba ta da lafiya, na daɗe a can. Ina dawowa na tarar da teburin cin abincinmu ya zama situdiyo. Ga farar takarda an lanƙwasa ta a jikin bango, ga fitilar karatu ta wannan gefe, ga madubin aski ta wancan, ga wani ɗan reshe an kafa a cikin murfin kwalba, har da ƙwallon laka da ya mulmula da kansa. Shi kuma yana zagaye teburin yana fito. Fito fa! Na buɗe firij in sha ruwa, sai ga kwalba a tsakanin madara da ƙwai, zanzaro a ciki.

"Maigida, me nake gani haka?"

"Kwastoma ce, tana jiran layi."

"Tun yaushe take ciki?"

"Ban daɗe ba. Farar takardar ce ta yi haske da yawa, na gwada shuɗiya, na dawo farar. Saura fitilar baya."

"Fito da ita yanzu."

"Sista, ba a zaunar da kwastoma sai haske ya shirya. Kin taɓa ganin na yi haka?"

Ban taɓa gani ba kam. Amare sun sha yin gumi a bencin shagonsa yana gyaran fitila, babu mai cewa uffan. Hali zanen dutse. Na ɗauko kwalbar da kaina na dangwara masa a gaba, na ji sanyinta har cikin tafin hannuna.

Ya juye ta a hankali, ya sa ɗan burushi ya ɗora ta a kan reshen, ya tura ƙwallon lakar kusa da bakinta. Ya kafa gwiwar hannu biyu a kan tebur, ya jingina kyamarar a kan littattafai, ya fara ɗauka.

"Yauwa. Haka nake so. Kar ki motsa."

Ba ta motsa ba. Ya juyo mini da bayan kyamarar yana dariya, irin dariyar da na yi kewa. Ban taɓa ganin abu haka ba. Idonta kamar rariya, ƙugunta siriri kamar zare, har 'yan gashin ƙafarta ana iya gani ɗaya bayan ɗaya.

"Kin gani? Wa ya ce na gama?"

Ni ba hoton nake kallo ba, ƙafafunta nake kallo, yadda suka naɗe ciki. Wanda ya yi aikin asibiti ba ya bukatar a gaya masa. Na ce mu kai ta rana. Ya ce ai yanzu za ta ji ɗumi ta tashi, har ya ce in ja baya kar ta harbe ni. Muka ajiye ta a bakin taga, ƙarƙashin ginin nata, muka tsaya. Ya hura mata iska da baki. Ya taɓa ta da burushi. Rana ta karkata, kiyashi suka fara zuwa, yana kore su da yatsa suna dawowa.

"Aminina cewa ya yi ɗan lokaci kaɗan," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Ni kuma ina ta gyaran fitila."

Ya samu hoton da ya fi kowanne fitowa a rayuwarsa, kuma ya san abin da ya ɗauka. Bai ci abinci ba. Na kwana da shirin cewa gobe zai ce in kira yara.

Da safe sai na ga ya yi wanka ya sa kaya. Ya fita bai ce mini ga inda za shi ba. Kafin rana ta yi tsaka ya dawo da doguwar jaka a kafaɗa, ya zazzage ta a baranda: dogon gilashin, ƙafa-uku, wayar nan mai madanni, da farar hular fitila.

"Me amininka ya ce?" na tambaye shi.

"Bai ce komai ba. Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi."

Ya kafa ƙafa-ukun a gaban tagar, ya ɗaura kyamarar, ya nufi ginin da ita. Ɗakunan duk a toshe suke sai na ƙarshen, wanda ya tsaya a rabi, baki buɗe. Na so in ce masa ai mai gidan ba ta nan, me za a ɗauka, amma na bar shi. Ya sa ido, ya kai hannu zai murɗa gilashin don ya saita. Yana taɓawa komai ya ɗauki rawa, har ƙafafun ƙarfen suna ƙara a kan siminti. Ya saki, ya jira, ya sake. Ya gwada da hagu, ya wuce wurin, ya dawo, ya sake wucewa. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Na juya zan shiga ciki, don na san ba ya son a gan shi haka.

"Sista."

"Na'am."

"Zo ki riƙe mini nan."

Ya miƙo mini wuyan hannunsa bai ɗago daga kyamarar ba. Na riƙe hannuwan marasa lafiya iri-iri a rayuwata, amma wannan daban ne. Rawar ta fi yadda ido ke gani nesa ba kusa ba. Tana da ƙarfi, ba ta hutawa, ta bi ta tafin hannuna har gwiwa. Da wannan yake kwana yake tashi, da wannan ya hau benci yana bin ƙwaro, bai taɓa cewa wayyo ba. Na ƙara damƙewa.

"A hankali," ya ce. "Dama kaɗan. Ƙara. Tsaya, nan ne. Saki."

Muka saki tare. Ya ja da baya, ya jira kyamarar ta natsu, ya danna madannin da ke hannunsa. Sannan ya matsa mini in gani.

Bakin ɗakin ne ya cika hoton. Kowane zuwa da ta yi da laka ya bar layinsa, ɗaya a kan ɗaya, kamar kitso. Layin ƙarshe ya faro daga gefe, ya zo tsakiya ya tsaya, har ana ganin sawun bakinta a inda ta danna. Cikin ɗakin kuwa duhu ne, babu komai.

Ya daɗe yana kallo. Bai yi dariya irin ta jiya ba, bai kuma goge ba.

"Wannan ba na ratayewa a bango ba ne," ya ce. "A ajiye shi dai." Ya share fuska da hannun riga. "Akwai wani gizo-gizo a bayan tankin ruwa, da sassafe yake saƙa. Ba zan taɓa shi ba, daga nesa za mu tsaya. Gobe kina da lokaci?"

Na ce sai na duba, kamar ina da wani wurin zuwa. Na shiga kicin na tara kwanuka, amma har na gama wanke-wanke ina jin rawar nan a hannuna.