Dokin Ƙofar Mai Burodi

Bara da ruwan sama ya shiga gidan burodi har ya kashe wutar tanda, mai burodi ya rantse ba za a sake ba. Ya kira birkila, aka ɗaga masa dokin ƙofa da bulo har gwiwa. Maƙwabcinsa tela ya gani, ya ɗaga nasa ya fi haka. Mai kemis ya bi sahu, mai aski ma haka, har shiga shago a layin ya koma sai an dafa bango.

Bana ruwan ya ninka na bara. Da safe mai burodi ya tarar da ɗakinsa a bushe ƙamas, ya yi hamdala, ya zauna jiran motar fulawa. Shiru har hantsi.

Can sai ga ƙaninsa, direban motar, a ƙafa, ya jiƙe sharkaf.

"Yaya, babu fulawa. Ruwa ya cika sito, buhunan duk sun kwaɓe."

"Wane sito? Wanda tun muna yara ruwa bai taɓa leƙa shi ba?"

"Shi fa. Ruwan da kuka kora, ina kake so ya je? Can gangare ya sauka."

Mai burodi ya dubi bulonsa, ya dubi tanda, babu ruwa, babu wuta. Kansa ya ɗaure. Shi dai ƙofarsa kawai ya gyara.

"To yanzu rushewa zan yi ko ƙarawa?"

Ƙanin ya nuna masa tela da baki. Tuni ana sauke masa sabon bulo.