Minti Huɗu a Saman Dangora

Ranar Laraba da ƙarfe tara da kwata na safe, Hamdiyya Mudi ta tashi da ƙaramin jirgin makaranta daga Zariya zuwa Kano. Karo na biyu ke nan da take zama jarrabawar tuƙi da na'urori zalla, kuma idan ta sake faɗuwa, sai ta koma aji ta maimaita kwas ɗin wata shida. A kujerar dama akwai mai jarrabawa, Kyaftin Lado, dattijon da ɗalibai suka sani da son hira a daidai lokacin da ba a son hira.

Dokar jarrabawar mai sauƙin faɗa ce. Ɗalibi zai sa wata hula mai dogon baki wadda ke tare masa ganin waje, ya bi tashar rediyon da ke jagorar jirage a Kano da abin da allon gabansa ya nuna masa kawai. Ba a yarda ya hau ko ya sauka fiye da ƙafa ɗari ba, kuma allurar da ke nuna hanya kada ta yi nisa da tsakiya. A karon farko Hamdiyya ta ɗan karkata kai ta leƙi ruwan Tiga ta ƙasan hular. Hannunta ya bi kanta, jirgin ya sauka ƙafa ɗari biyu, aka rubuta mata faɗuwa.

Da suka kai ƙafa dubu bakwai, ta sa lambar tashar Kano, ta ƙara murya ta saurari ɗan kukan da tashar ke yi don shaida kanta, ta tabbatar ita ce. Ta murɗa maɓallin hanya zuwa inda taswira ta ce. Sannan ta kunna darakta, wato layuka biyu masu ruwan hoda da ke fitowa a allo, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, suna nuna wa matuƙi inda zai kai hancin jirgi. Daga nan ta danna otofailot, na'urar da ke riƙe sitiyari ta bi layukan da kanta. Jirgin ya karkata a hankali, allura ta taho ta zauna a tsakiya. Iska na bugowa daga gabas, don haka na'urar ta ɗan juya hancin jirgin dama ta riƙe shi a haka.

Kyaftin Lado ya yi rubutu a takardarsa, sannan ya tambaye ta ko gaskiya ne ita 'yar Dangora ce ta ƙaramar hukumar Kiru. Ta ce gaskiya ne, ranka ya daɗe. Ya ce ai ya gani a waya. Yayanta Jamilu ya sanar wa duniya a shafinsa cewa yau jirgin ƙanwarsa zai bi ta saman garinsu, kowa ya hallara a masussukar mahaifinsu, Malam Mudi. Jamilu kaɗai Hamdiyya ta gaya wa, kuma sai da ya rantse mata ba zai faɗa wa kowa ba.

Allo ya nuna saura mil arba'in da biyu zuwa tashar Kano. Kyaftin ya miƙa yatsa ya danna jan maɓalli, ƙararrawa ta yi kuka sau biyu.

"Otofailot ya mutu, Malama Hamdiyya. Jirgi na hannunki."

"Jirgi na hannuna," in ji ta.

Layukan darakta suna nan, aikin da na'ura ke yi ne ya dawo kanta. Ta riƙe sitiyari da yatsu uku, ta ajiye alamar jirgin da ke allo a mahaɗar layukan. Rana ta fara dumama gonaki, iska mai ɗumi na tasowa tana ɗaga jirgin tana saki. Layin kwance ya yi ƙasa, ta bi shi. Na tsaye ya matsa dama, ta karkata kaɗan ta dawo.

Shi kuwa Kyaftin ya manna goshi a taga ya fara ba da labari. Ya ce ga kwanar Dangora can, ga motocin masara sun yi layi. Ya ce an shimfiɗa wani farin tamfol a bayan gari, an danne shi da buhuna, mutane sun kai ɗari.

"Akwai wani dattijo mai jar hula yana ɗaga sanda. Babanki dogo ne?"

"Dogo ne, Kyaftin."

"To shi ne. Ga wata kuma tana kaɗa mayafi kamar za ta tashi ta biyo mu. Ta gefenki ma an fi ganinsu. Ni ba zan gaya wa kowa ba."

Hamdiyya ta ji wuyanta yana son juyawa. Rabonta da gida tun ƙaramar salla. Ma'aunin tsayi ya nuna ta hau ƙafa sittin. Ta sassauta hannu, ta mayar da alamar kan layi, tsayin ya dawo.

"Ka gaishe min da su, ranka ya daɗe," ta ce. "Ina kan hanya, dubu bakwai, saura mil talatin da shida."

Ya ci gaba da lissafa awaki da babura har minti huɗu suka cika, sannan ya gyara zama ya ce otofailot ya warke, tana iya mayar da shi. Ta duba cewa har yanzu tashar Kano darakta ke bi kafin ta danna. Sauran tafiyar ba abin da ya faru. Sun sauka ƙarfe goma da 'yan mintoci.

Bayan ta kashe inji ta cire hular, Kyaftin Lado ya sa hannu a takarda ya miƙa mata. An rubuta ta ci. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya: mafi girman kaucewa, ƙafa sittin.

Ta karanta sau biyu, sannan ta tambaye shi ko da gaske ya ga mahaifinta.

"Daga wannan nisan wa ke ganin launin hula? Tamfol dai na gani. Sauran ƙari ne."

Ta fito ta tsaya a inuwar fiffike ta kira gida. Malam Mudi ya ɗauka, hayaniyar mutane na tashi a bayansa. Ya ce sun gan ta sarai, ƙaton jirgi fari yana jan hayaƙi layi biyu a baya, tun wajen ƙarfe tara saura, har an yi guɗa an raba goro. Wani ɗan ƙarami ma ya wuce daga baya yana ƙara kamar injin niƙa, amma ba wanda ya kula shi.

"Baba, ƙaramin ne nawa."

Sai ya tambaye ta yadda jarrabawar ta kasance.

"Na ci, Baba."

"To alhamdulillahi, uwata. Bari in gaya musu. Zancen ƙaramin kuma ki bar shi tsakaninmu."