Ƙaurin Awara

Kwana uku da Safiyyatu ta haihu aka bugo waya daga Funtuwa. Mijinta Hudu ne ya ɗauka a tsakar gida, kuma da yake wayar tasa ba ta san rufin asiri ba, duk abin da aka faɗa sai da ya kai bakin murhu, inda mahaifiyarsa Iya take dama kunun kanwa.

Surukarsa ce, Hajiya Nana Hauwa. Ko gaisuwa ba ta bari an gama ba.

"Muna hanya ni da ƙanena Muktar, yau Bauchi za mu kwana. Shi wake zai sara nan wajenku gobe, da la'asar ya juyo. Ka ji ni da kyau, Hudu. In na buɗe tukunyar ɗiyata ban iske nama ba, motar da ta kawo ni ita za ta koma da mu, har jaririn."

Hudu ya ce, "To, Umma. Allah ya kawo ku lafiya."

Iya ba ta ɗago kai ba, amma muciyar ta tsaya a hannunta. Ta san matar nan ba ta magana don a ji daɗi. A haihuwar fari, Safiyyatu ta tafi wankan gida kamar yadda aka saba, kwana arba'in ya koma wata takwas, sai da dattawan Tudun Wada suka je Funtuwa sau biyu kafin a sako ta. Lokacin kuwa Hudu yana da aikinsa. Yanzu tifar da yake ja injinta ya buga tun kafin damina, mai motar ya jingine ta, shi kuma kullum yana tasha yana jiran direban da zai ce ya gaji a karɓe shi. Wata uku ke nan nama bai shiga gidan ba. In aka tafi da yarinyar nan a wannan hali, Iya ba ta ga ranar da za a dawo da ita ba.

Ga shi kuma goben ranar ƙauri ce. Yaran yanzu da yawa ba su ma san shi ba, sai a faɗa musu. Ranar kwana huɗu da haihuwa ake samo ƙafafun sa, a dafa su da kayan yaji har su yi lugub, mai jego ta sha romo ta mayar da jini, a ɗiba a kai wa maƙwabta. Gidan da ba a ɗora wannan tukunya ba, unguwa ta san abin da ake ciki.

Hudu ya matso ya durƙusa. "Iya, ko in kai keken ɗinkin Safiyya kasuwa?"

"Ka taɓa shi ka gani," in ji Iya. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. "Uwarta ce ta saya mata. Ta zo ba nama, ba keke? Tashi ka tafi tasharka, yaron nan. Tukunya ba aikinka ba ce."

Ba yunwa ake yi a gidan ba, a faɗi gaskiya. Iya mace ce da ta tashi a zamanin da ake sanin kan abinci. Yau faten wake da alayyafo, gobe dambun zogale da ƙuli, jibi tuwon masara da miyar kuka da ta ji daddawa. Matan da za su zo barka ma ta tanadar musu. Maimakon robobin da ake bugawa da hoton jariri ana rabawa, tun cikin yana wata shida take saƙa faya-fayi da kaba, ta rina wasu ja wasu baƙi, ta kuma daka yajin jego da hannunta ta ƙulla. Yatsunta duk sun tsage. Abin da ba ta iya saƙawa ko dakawa shi ne ƙafar sa.

Da yamma ta jiƙa waken suya. Da asuba ta kai niƙa, ta tace, ta ɗora, ta zuba ruwan tsami ya kama, ta juye a buhu ta danne da dutsen niƙa. Ta yanka awarar manya-manya, ta soya su har suka yi ja suka yi tauri. Sannan ta haɗa romo: citta, kanumfari, masoro, kimba, tafarnuwa, daddawa har da ƙari, ɗan manja don ya ɗauki kala. Ƙamshi ya tsallaka katanga.

Shi ya jawo Su'ad, matar maƙwabcinsu, yarinya mai rawar kai da waya kullum a hannu. Labarin wayar jiya ya riga ya kai mata. Ta leƙa tukunyar ta tafa hannu.

"Kai, Iya! Wallahi kamar gaske. Amma fa akwai matsala. Ƙauri ba ƙashi? Ludayi ɗaya uwar Safiyya za ta sa ta gano ki."

"Ni ban ce da kowa nama ba ne."

"To ai shi ke nan, ki shirya wa Safiyya da jaririn jaka. Dakata ki gani."

Ta fita da gudu ta dawo da ƙashi a leda, babba, na ƙafar sa, wanda ya rage daga miyarsu ta shekaranjiya.

"Ki jefa kawai. Ido ne ke ci, Iya. Tana ganin ƙashi, magana ta ƙare."

"Ɗauke min ƙazantarki. Ƙashin da mijinki ya gwaigwaya?"

"Na wanke shi fa, har da omo!" Ta ajiye a kan turmi ta fice tana dariya.

Iya ta zauna ita da ƙashin. Shekararta sittin da 'yan kai, ba ta taɓa zuba wa baƙo abin da za ta ji kunyar faɗin sunansa ba. Daga ɗaki ta ji jaririn ya yi ɗan kuka, ta ji Safiyyatu tana lallashinsa. Ta tuna watanni takwas ɗin nan, yadda ɗanta yake dawowa ya zauna a ƙofar ɗakin da ba kowa ya ci tuwo a tsaye. Can bakin titi mota ta yi ham. Ba ta san ko tasu ce ba. Ta ɗauki ƙashin ta jefa a tukunya, ta rufe.

Tsoro yana sa babba ya yi abin da zai doki yaro a kansa. Abin da ya sami Iya ke nan, kuma ba a yaba mata ba.

Hantsi ya ɗaga sosai Hajiya Nana Hauwa ta yi sallama. Doguwa ce, da gilashi a ido, ba ta shigo da jaka ba, sai ƙaramar ta hannu. Wannan kaɗai ya isa Iya ta gane ba zama ta zo yi ba.

"Maraba, maraba da Hajiya. Jaɓɓaama. Ya hanya? Ya muka ji da arziki?"

"Arziki ya yi, Iya. Allah ya raya."

Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa. Iya ta ɗauko faifan da ya fi kowanne girma, wanda ta yi sati biyu a kansa, ta ɗora ƙullin yaji ta miƙa da hannu biyu.

"Ga naki, Hajiya, tun kafin matan unguwa su wawashe."

Nana Hauwa ta juya shi ta duba bayan saƙar, inda ake gane gwani. Ta ɗan jinjina kai, ta ajiye gefe. "An gode. Amma ba faifai ya taso ni daga Funtuwa ba. Ina tukunyar?"

Ba ta jira a zubo mata ba. Ta tashi da kanta ta je murhu, ta buɗe, tururi ya bugi gilashinta. Ta cire shi ta goge da gefen mayafi, ta sa ludayi ta juya. Ƙashin ya taso. Ta ɗago shi sama ta dube shi a hasken rana: fari fat, ba jijiya, ba ɓargo, ana hango gari ta cikin ramin. Ta ɗauki yanka ɗaya ta matse da yatsa biyu, ya farfashe fari.

Ta juyo ta dubi Iya.

"Iya," ta ce a hankali, "wannan ƙashin, tukunya nawa ya shiga kafin taki?"

Iya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta buɗe baki za ta ce wani abu game da tsadar kasuwa, ta fasa.

"Ɗaya na sani, ta maƙwabta. Awara ce, Hajiya. Ni na yi ta, ni na sa ƙashin. Yaron nan bai sani ba, 'yarki ba ta sani ba. Rabonmu da nama wata uku. Tsoron ki ɗauke ta ne ya sa ni."

"Da kin ce mani babu, da na ji zafi in haƙura. Amma ki mai da ni yarinya? Mi kuma kuka ɓoye mani?"

"Babu."

"Haka za ki ce."

Ta jefar da ƙashin a toka ta shige ɗakin mai jego. Iya ta bi ta ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta da fuskar shiga.

Nana Hauwa ba ta rungumi 'yarta ba. Ta kama fuskarta ta juya wajen taga, ta ja fatar idonta ƙasa ta duba jini. Ta buɗe tafin hannunta. Ta danna ƙafarta da babban yatsa ta jira ta ga ko wurin zai loma. Ta karɓi jaririn ta auna shi a hannu, ta duba cibiya, ta shafa maɗigarsa.

"Nono na zuwa?"

"Har yana zuba, Umma."

"Wanka sau nawa?"

"Safe da yamma. Iya ce ke yi mini da kanta."

"Mi kike ci? Kar ki yi mani ƙarya, yau na ƙoshi da ita."

Safiyyatu ta lissafa mata, har da gyaɗar da Iya ke soya mata ta ci tsakanin abinci. Sannan ta sunkuyar da kai ta ce, "Umma, ni dai a bar ni a ɗakina."

"Ban tambaye ki ba."

Ta sa aka zubo romon ta zauna ta sa 'yar a gaba sai da ta shanye kwano. Ita ko ɗanɗanawa ba ta yi ba. Daga nan har azahar, har aka kira la'asar, ba ta sake ce wa Iya uffan ba. Matan barka suka shigo suka fita da faya-fayansu suna yabawa, Iya tana amsa musu da baki kawai, kunnenta yana titi.

Motar Alhaji Muktar ta tsaya a ƙofar gida ta yi ham sau biyu. Nana Hauwa ta miƙe ta gyara mayafi ta dubi 'yarta, ta dubi Iya, ta fita ita kaɗai. Iya ta ji ana magana ƙasa-ƙasa a zaure, ta ji an buɗe bayan mota an rufe. Ta zauna a kan turmi.

Sai ga Nana Hauwa ta dawo tana jan babbar jaka.

"Jininta bai yi ƙasa ba, yaron kuma da nauyinsa. Yau ba ni ɗaukarta. Amma ba ni komawa gida in zauna ina jin labari daga bakinki. Nan zan yi arba'in ɗin, kowace tukunya a gabana za a ɗora ta. Ina zan kwana?"

Ɗaki biyu ne a gidan.

"Nawa, Hajiya. Akwai gado."

"Ke fa?"

"Ƙasa ta ishe ni."

"To. Muktar yana dawowa sarin wake Laraba ta sama, kuma na ce ya bar kujerar baya ba kaya. Mi za a dafa da dare?"