Haƙoran da na tsinto a Hahotoe

Ni direba ne. Wata rana na kai kaya wajen ramin Hahotoe inda ake haƙo fosfat, ma'adinin yin takin zamani, sai na tsinci wasu haƙora a cikin ƙasa, masu tauri kamar dutse. Kyau suka yi mini, na kawo su unguwarmu Zongo na jera a bakin tagata.

Hajiya Mariyatu, mai gidan da nake haya, tana gani ta ja da baya. "Kimba, kayan bokaye a gidana? Ka nemi wani ɗaki kafin Juma'a."

Amma 'yarta Raliya, wadda ke karatun halittu a jami'a, ta juya ɗaya a tafinta, ta ce, "Inna, ki ba ni zuwa la'asar."

Ta tafi wajen masunta a bakin teku, ta dawo da muƙamuƙin babban kifin nan da ake kira rekin. Ta shimfiɗa tabarma, ta dinga ajiye kowane haƙorin dutse kusa da mai kama da shi a muƙamuƙin, mai faɗi da mai faɗi, mai tsini da mai tsini. Ban taɓa ganin hannu mai natsuwa irin nata ba.

"Haƙoran dangin kakannin wannan kifi ne," ta ce. "Da can teku ne a wurin, tun ba a yi mutum ba."

Hajiya ta daɗe tana dubawa. "Wato kifi ne?"

"Kifi ne, Inna."

"Kifi dai halal ne. Kimba, zauna abinka. Ke kuma kwashe mini wannan ƙarni daga tsakar gida."